Alfadarin Baba Sallau

Baba Sallau ya rasu ranar wata Talata da safe, a zaune a kan buhun dussa, ya jingina da ƙofar barga ta uku. Akwai rabin dabino a hannunsa. Ɗaya rabin alfadari ya cinye. Ni na same shi. Na ɗauka gyangyaɗi yake, har na ce masa, "Baba, rana ta yi." Bai amsa ba. Baba Sallau kuwa bai taɓa barin magana ta faɗi ƙasa ba. A nan na gane.

Ku da kuke zama da shi ranar Juma'a a Asian Town kun ce in faɗi abin da na sani, tunda ni na kwana ɗaki ɗaya da shi shekara shida. Ni ba mai magana ba ne, kun sani. Amma zan faɗa.

Ba ya gaida ɗan Adam da safe sai ya gaida alfadari. In ya idar da sallar asuba, takalmi zai zura ya nufi barga. Ko ka ce masa, "Baba, ina kwana?" hannu zai ɗaga maka, wai ka dakata, akwai na gaba da kai. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya ɗan rusuna wa alfadarin, Alƙali sunansa.

"Alƙali, ina kwana? An tashi lafiya? Ya gajiyar jiya? Ya ƙafar nan ta baya? Ƙuda bai dame ka ba? To madalla. To alhamdulillahi."

Yana tambaya yana jiran amsa fa, ba wasa yake ba. Sannan ya ciro dabino guda daga aljihu, ya tsaga shi biyu da farce, ya ba alfadari rabi, ya ci rabi. Guda ɗaya kullum. Na taɓa ce masa dabino a ƙasar nan ko a masallaci kyauta ake rabawa, ya ba dabbar cikakke mana.

Ya ce, "In na ba shi guda, sadaka na yi masa. In mun raba, tare muka ci."

Ni daga Zamfara na fito. Ƙauyenmu babu shi yanzu. Iyakar abin da zan ce a kai ke nan. Na bi hanyoyin da ba na so a tuna mini, har aka samo mini bizar aikin barga. Aka kai ni izbar Abu Nasir, wato gonarsa ta bayan gari, tafiyar kamar awa ɗaya daga Doha ta yamma. Shi ne kafil ɗinmu, wato mai gidan da bizarmu take hannunsa. Dawaki yake kiwo, in sanyi ya shigo kuma ana kawo baƙi su hau, mu zaga da su cikin sahara har bakin teku. Baba ne babba a barga. Ranar da na iso ya yi mini tambaya ta fi ashirin, ina ba shi "i" da "a'a". Ya ƙare mini kallo ya ce, "To, Allah ya kawo mana Sarkin Magana." Sunan ya bi ni har yau.

Alƙali kuwa abin kunya ne a gidan. Uwarsa wata farar goɗiya ce da Abu Nasir ya fi ƙauna, hotonta ne ma a fuskar wayarsa. An kai ta wajen wani ingarma mai asali, aka dawo da ita aka zauna jiran ɗa. Ashe kafin a kai ta, jakin maƙwabta ya riga ya tsallako shinge. Ba wanda ya gani sai Baba, shi kuma ya ce ba a tambaye shi ba. Ranar haihuwa Abu Nasir ya zo da 'yan'uwansa, mota uku. Baba ya ba ni labarin ya fi sau ɗari.

"Ɗan ya miƙe, kunnuwa suka fara tashi. Muna jira su tsaya, suka ƙi tsayawa!"

Abu Nasir ya shiga mota bai yi wa kowa sallama ba.

Tun ranar yake so a fitar masa da shi daga gona, Baba yana ja. A bari a yaye shi. A bari zafi ya wuce. A bari sanyi ya wuce. Da na zo alfadarin ya shekara biyu, in baƙi sun zo bayan ɗakin harawa ake ɓoye shi. Da ya cika uku haƙurin mai gida ya ƙare. Ya tsaya a tsakar gona ya ce, "Ya Sallau, khalas, an gama. Kasuwar dabbobi."

Baba ya ce, "A ba ni sanyi ɗaya. Zan sa masa sirdi, baƙi su hau."

"Wa zai bar doki ya hau wannan?"

"Wanda yake so ya koma gida da haƙoransa."

Abu Nasir ya yi dariya, amma ba ta daɗi ba. Ya ce, "Sanyi ɗaya. In bai hawu ba, shi kasuwa, kai filin jirgi."

"Na yarda."

Baba yana da iyali a Daura, daga aikin nan suke ci. A ɗaki na ce masa, "Baba, ka ɗora abincin gidanka a kan jaki."

Ya ce, "Rabin jaki."

Ba da ka ya yi ba, ya san aikin. Da ƙuruciya ya kama hanyar Makka ta ƙasa, guzuri ya ƙare masa a Habasha, ya shekara tara a duwatsun can yana bin masu alfadarai. Larabci a Sudan ya kwaso. Makka sai daga baya ya je, a jirgi. Shi ya raɗa wa dabbar suna Alƙali, wai in ya yanke hukunci ba ɗaukaka ƙara.

Ni da jaki na saba, da shanun huɗa. Abin da na sani shi ne dabba in ta ƙi, a doke ta. Wata rana Baba ya shiga Doha, aka bar ni in kai Alƙali wanka. Muka zo bakin siminti ya toge. Na ja, ya ƙi. Na tura, ya ƙi. Na ɗauko bulala na zuba masa a cinya. Ɗaya tak. Bai yi tsalle ba, bai yi harbi ba. Juyowa ya yi ya dube ni, irin kallon mai rubuta suna. Sannan ya taka a hankali ya shiga. Na ce a raina, ga horo, tsohon nan yana ta ɓata bakinsa.

Ban faɗa wa kowa ba. Aka yi wata biyu, na ma manta. Ina zuba masa harawa, ina kwashe masa kashi, lafiya lau. Wata safiya na sunkuya ina wanke kwamin shan ruwa. Ban ji zuwan komai ba. Sai gani na na yi a cikin kwamin, kai a ƙasa, ƙafa a sama. Bai karya ni ba. Auna ni ya yi, ya sa kofato daidai inda nama ya fi yawa.

Baba ya zo ya tsaya a kaina. Ko sannu bai ce ba.

"Yaushe ka doke shi?"

Na fito daga kwamin ina matse riga.

"Sarkin Magana, yaushe?"

"Wata biyu."

"A ina?"

"Cinya. Hagu."

"Kai a ina ya same ka?"

Na taɓa. Hagu.

"To an yi shari'a. Ranar da ya toge, ka tambaye shi?"

"Me zan tambayi dabba?"

"An wanke mota a wurin ran nan, ko?"

Na tuna. An wanke.

"Santsin sabulu ya gani. Kai ba ka gani ba, kuma kai ne mai bulala. Tashi ka ba shi haƙuri."

Ban ba shi ba. Tun da na bar gida ban ba ɗan Adam haƙuri ba, balle rabin jaki. Daga ranar muka shiga gaba ni da Alƙali. Ina yi masa aikinsa, ba na ce masa uffan. Shi kuma ba ya yarda in sa masa ragama. Shekara biyar muna haka, ɗaki da barga, ko taku ashirin babu tsakaninmu.

Wannan "ka tambaye shi?" kun san ta. Ba alfadari kaɗai ba. Janareta ya ƙi tashi, ka tambaye shi? Abokinsa Mumuni ya ce tuwon da ya tuƙa ya ƙi kama jiki, Baba ya ce, "Ka tambayi garin?"

Sai maganar sirdi. Sirdin doki ba ya zama a bayan alfadari. Bayansa a miƙe yake, ba shi da tudun kafaɗa irin na doki, in an zo gangara sai sirdi ya zame har wuya. Dole a yi masa ɗauri ta ƙirji, a yi wani ta bayan cinyoyi. Abu Nasir ya ce ba zai sayo wa jaki kaya ba. Ko da ya ce zai saya ma Baba ba zai yarda ba. Mutumin da 'yar jakar shayi ɗaya take masa kwana uku! Ya tsoma, ya cire, ya shanya ta a igiya kusa da safarsa.

Ranar Juma'a Mumuni ya kwashe mu. Mumuni ɗan Zangon Kumasi, direban motar ruwa, ga shi nan zaune a cikinku, kada ya musa. Bayan masallaci Baba ya ce a bi ta Sanaiya, wajen da ake jibge matattun motoci. Mai gadin wurin abokinsa ne. Ya shiga da wuƙa, ya fito da bel ɗin kujerar mota cike da hannu, har da maɓallansu. Daga nan muka zo Asian Town wajen wani mai ɗinkin jaka da takalmi. Mai ɗinki ya ce ina awo? Baba bai zo da awo ba. Ya waiga, ya ƙare wa Mumuni kallo tun daga sama har ƙasa.

"Mumuni, sunkuya."

"Baaba, don me?"

"Ƙugunka da na Alƙali ɗaya ne. Na daɗe ina lura."

"Kai, Baaba! Juma'a ce fa, mutane na kallo!"

"Su kalla. Dafa gwiwa."

Wallahi ya sunkuya. Da farar rigarsa ta masallaci. Baba ya zagaya masa bel ta ƙirji, ya zagaya ta bayan cinya, yana nuna wa mai ɗinki ya sa alli nan, ya sa nan. 'Yan Nepal suka taru, wayoyi suka tashi sama.

Mumuni ya ce, "Chale, in hoton nan ya je Kumasi na mutu!"

"Tsaya cik. Alƙali ma ya fi ka natsuwa."

Da muka koma gona aka gwada. Ya zauna ɗas, ko huda ɗaya ba a ƙara ba. Nan take Baba ya kira Mumuni a waya ya ce, "Kada ka rame, kada ka ƙara. Kai ne ma'auni." Har yau in ana ɗaure wa Alƙali sirdi sai ka ji ƙaras, kamar an shiga tasi.

Horon kansa ba abin kallo ba ne. Sati biyu sirdi yana ajiye kusa da abincinsa, ba a ɗora ba, yana dai shinshinawa. Sati biyu bargo kawai. Sannan sirdi ba kowa. Sannan buhun yashi. Sannan Baba ya kwanta a kai da ciki kamar an shanya shi, yana ba shi labarin Habasha. Abu Nasir in ya wuce sai ya sauke gilashi.

"Ya Sallau, sanyi ya raba!"

"Muna shawara."

Ranar da aka fara fita da shi waje, Baba yana kansa, ni ina biye a kan doki. Mun yi nisa kaɗan, wajen wani itacen ƙaya guda ɗaya tal a fili, Alƙali ya kafe. Baba bai zungure shi ba, bai ja linzami ba. Sauka ya yi, ya ciro flas ɗin shayi, ya zauna a ƙasa. Na duba. Baƙar leda ce ta maƙale a ƙaya, iska na kaɗa ta.

Na ce, "In cire?"

"In ka cire, gobe ma kai zai jira."

Awa biyu muna nan. Alƙali ya matsa taku ɗaya, ya ja da baya. Ya matsa biyu, ya huci. Can dai ya miƙa wuya ya shinshini ledar, ya cije ta, ya tofar, ya waiwayo yana kallon Baba kamar mu muka tsai da shi.

Na ce, "Awa biyu a kan leda."

Baba ya ce, "Awa biyu yau, ya gama da leda har abada. Kai shekara nawa kana zabura in ka ji ƙarar babur?"

Na kau da kai. Ya dubi fuskata. Ya tsiyaya shayi a murfin flas ya miƙo mini. Ya ce, "Sha. Bakina ne, ya fi ni sauri." Bai sake ɗauko maganar ba har ya mutu. Daga ranar, duk fita sai an tsaya shan shayi a gindin ƙayar nan.

Sanyi ya zo ƙarshe, ranar gwaji ta zo. Baƙi uku. A cikinsu akwai wata Baturiya dattijuwa mai tsoron doki, ita Baba ya ɗora a kan Alƙali. Yana gaba a ƙasa, ni ina baya da sauran biyun a kan dawaki, Abu Nasir yana bin mu a gefe cikin babbar motarsa ta sahara. Tafiya ta yi kyau. Matar har ta saki hannu ɗaya tana ɗaukar hoto. Gangara ta zo, sirdi ko motsi. Na ga Abu Nasir yana kallo, ransa ba daɗi.

Kusa da teku akwai wani farin fili shimfiɗe kamar an share. Larabawa na ce masa sabkha. Sama gishiri ne busasshe, ƙasa Allah kaɗai ya sani. Mu kullum zagaye shi muke. Abu Nasir ya ce rana ta yi, a yanke ta ciki. Muka zo baki, Alƙali ya sunkuyar da kai ya shinshina, ya kafe.

Baba ya sauko da matar a hankali. Ya ciro flas.

Abu Nasir ya fito daga mota. "Yalla! Yalla, ya Sallau! A gaban baƙi?"

"Ya ce a'a."

"Wa ya ce?"

"Alƙali."

"Tun ina yaro nake bin wurin nan!"

"An yi ruwa wancan satin. Ka tambaye shi?"

Fuskar Abu Nasir ta yi ja. Ya ce, "Khalas. Gobe kasuwa. Kai kuma ka haɗa kayanka." Na dubi Baba. Shayi yake tsiyayawa abinsa.

Mai gida ya shiga mota ya taka ta cikin filin, don ya nuna wa baƙi ba komai. Ta tafi tana tashin farar ƙura. Ta yi kamar tsawon filin ƙwallo. Sai ta rage gudu. Sai ta zauna. Haka kawai, kamar saniya ta gaji. Ya ƙara wuta, taɓo ya tashi sama baƙi ƙirin, ta ƙara zama har ƙofa. Ya fito ta taga, ya nutse har gwiwa. Da ƙyar ya iso baki, rabi da tafiya rabi da rarrafe, farar rigar nan ta koma kalar kwalta, takalmi ɗaya ya tafi, idon sawu ya gurɗe ya kumbura.

Baba ya miƙa masa shayi. Ranar kaɗai na ga ya haɗiye magana.

Masu janyo mota suka ce sai bayan la'asar. Rana ta fara dukan kai. Muka kawo masa doki, dokin ya ga baƙin mutum mai warin taɓo, ya hau rawa. Muka kawo na biyu, haka. Mai gurɗaɗɗiyar ƙafa ba ya hawan abin da ke rawa. Saura ɗaya. Yana tsaye kamar katanga, yana kaɗa kunne.

Abu Nasir ya daɗe yana kallonsa. Ya ce, "Kawo shi."

Baba ya ce, "Bari in tambaye shi."

Ya je ya tsaya a gabansa, ya rusuna. "Alƙali, ga mai gida. Ya faɗi maganganu, na sani, ina wurin. Amma ƙafarsa ce. Ka yarda?" Ya jira. Mai gida yana tsaye da ƙafa ɗaya, ya dafa kafaɗata, shi ma yana jira. Can Baba ya ce, "Ya yarda."

Muka cicciɓe shi muka ɗora. Alƙali ya kawo shi har gida, taku ɗaya bayan ɗaya, ko girgiza babu. A bakin ƙofar gona Abu Nasir ya ce, "Ba hoto."

Baba ya ce, "Kasuwa fa? Ƙarfe nawa za a zo ɗaukarsa?"

"Wace kasuwa?"

Shi ke nan. Aka fito da Alƙali daga bayan ɗakin harawa aka ba shi barga ta uku. Ya zama shi ne gaba in an fita, dawaki a bayansa. Baƙi suka riƙa tambayarsa da suna. Hoton goɗiya yana nan a wayar mai gida, amma na sha ganinsa yana wucewa ta barga ta uku da tuffa a aljihu, yana waige-waige.

Taurin kan da ya ceci alfadari shi ya ci Baba. Yana da hawan jini. Sista Rifkatu, 'yar Jos, nas a wani asibiti a unguwar Old Airport, ita take fama da shi. Baba take ce masa, shi kuma 'yata. Wata rana na raka shi. Ta auna, ta sake aunawa, ta cire tabarau.

"Baba, maganin wata ɗaya aka ba ka. Ya aka yi ya kai wata biyu?"

Ya ciro ƙullin takarda ya buɗe. Ƙwayoyi ne, kowace an tsaga ta biyu da farce.

"Baba! Wannan ba dabino ba ne! Ɗaya rabin wa kake ba? Alfadarin?"

"Gobe nake ajiye wa."

"Kai da dabbar nan ban san wa ya koya wa wani taurin kai ba."

"A'a, 'yata, kada ki ɓata masa suna. Shi in an yi masa bayani yana ji."

"To kai fa?"

"Ni ba a tambaye ni ba. Umarni aka ba ni."

Ta ja kujera ta zauna a gabansa. Ta ce, "To Baba, ina tambayarka. Don Allah, za ka riƙa shan guda?" Ya ce zai sha. Ya kuwa sha, na wani lokaci. Bayan rasuwarsa na sami ƙullin a ƙarƙashin filo. Rabi-rabi.

Da muka dawo daga maƙabarta, Alƙali ya juya wa ƙofa baya. Ya rage ci. Ba wanda yake yarda ya sa masa ragama. Masu barga biyu suka gwada, ɗaya ya sha cizo a kafaɗa, ɗaya ya fito ta saman ƙofa. Aka yi sati biyu. Abu Nasir ya zo ya same ni, ba da faɗa ba.

Ya ce, "Ba na son rabuwa da shi. Amma dabbar da ba ta taɓuwa, ko kofato ba a iya yanke mata, ba zan iya riƙe ta ba. Zuwa ƙarshen wata. Kai kake jin yarensa."

Na ce, "Gaba muke."

Ya ce, "Ku shirya."

Rabin dabinon nan yana wurina. Ni na cire shi daga hannun Baba, na naɗe a takarda, ban san dalili ba. Washegari bayan asuba na zura takalmi na je barga ta uku. Na tsaya. Na duba hagu da dama, ba kowa.

"Alƙali. Ina kwana."

Bayansa ya ba ni.

"Ya gajiya."

Ko kunne bai kaɗa ba.

Na koma gobe. Na koma jibi. Na ƙara da ya ƙafa, na ƙara da ya ƙuda. Na iya su duka, shekara shida ina ji ta taga. Rana ta tara gaisuwa ta ƙare mini, ƙarshen wata saura kwana huɗu. Sai na faɗi abin da ya rage.

"Bulalar nan. Ni ne ban gani ba. Ka yi haƙuri."

Kunne ɗaya ya juyo.

Na ce, "Baba ya rasu. Ba zai dawo ba. Ni ma ba a tambaye ni ba."

Ya daɗe. Sannan ya juyo gaba ɗaya. Na buɗe ƙofa na shiga, na warware takardar na miƙa. Dabinon ya bushe kamar tsakuwa. Ya shinshina, ya shinshina, ya ɗauka. Sannan ya ɗora kofato a kan ƙafata, ta hagu, ya tsaya a kai. Ban motsa ba. Na ƙirga goma a raina. Ya ɗauke, ya sunkuyar da kai. Na sa ragama.

Mun koma fita da baƙi. Yana gaba, dawaki a baya. In mun zo gindin ƙayar nan sai ya tsaya da kansa, ba leda, ba komai. In sauka, in ciro flas ɗin Baba. Baƙi su ce me ya sa aka tsaya? In ce su tambaye shi.

Allah ya jiƙan Baba Sallau. Ya Allah, bawanka ne da bai taɓa ɗaga bulala a kan abin da ba ya iya magana ba, har da ni. Ka yafe masa taurin kansa. Ka sauƙaƙa masa tambayar kabari. Ka riƙa wa na Daura.

Yana kwance a maƙabartar Doha, can kusa da katangar gabas, iyalansa suka ce a bar shi inda ya faɗi. Alƙali yana barga ta uku. Ni ina izba, ɗaki ɗaya, gado biyu. Dabino guda yana aljihuna, na gobe da asuba.